Ma'aunin Katsina a Ƙasar Ibo: Sarauta da Haraji Kafin Turawa da Bayan Zuwansu

Tun da layin dogo ya ratsa Funtua tsakanin 1927 da 1929, a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, Ibo suke zaune tare da mu a kudancin Katsina. Na farkonsu sun zo aikin reluwe da akawancin kamfanonin sayen auduga da gyaɗa. Na yau su ne masu shagunan kayan gyaran mota da magunguna da kayan gini a Funtua da Malumfashi da Bakori. An kusa shekara ɗari ana cuɗanya, amma in ka tambayi mutumin Funtua yadda kakannin maƙwabcinsa suka mulki kansu, amsar ba ta wuce guda ɗaya: ai su ba su da sarki. Da sigar aibu ake faɗin haka, ana nufin ba su san girma ba. Su ma Ibo suna da tasu maganar a kanmu, wai Turawa sun tarar da mu a durƙushe gaban sarakuna suka bar mu yadda suka same mu. Kowace magana akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, amma kowacce ta rufe abin da ya fi ta girma. Tarihin sarautar wannan yanki namu da tarihin ƙasar Ibo a zamanin Turawa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma a Katsina aka tufka ta.

Mu fara da ƙasar Ibo. Ba ko'ina ba ne babu sarki. Anacha da Abo a bakin kogin Kwara, da Agbor a yammacinsa, suna da sarakuna da fada da masu riƙe da muƙamai, kuma tasirin masarautar Binin a bayyane yake a tsarinsu. A Nri kuma akwai sarki iri dabam, wanda ba shi da runduna ko dogari. Ikonsa na addinin gargajiya ne: in an aikata abin ƙyama a wani gari, mutanensa ake kira su tsarkake ƙasa, kuma suna ratsa garuruwan da ke gaba da juna ba mai taɓa su saboda tsagar da ke goshinsu. A 1938 wani mutum mai suna Isaiah Anozie yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa a Igbo-Ukwu, kusa da Nri, ya ci karo da kayan tagulla. Masanin tone-tone Thurstan Shaw ya fara aiki a wurin a 1959, ya fito da tukwane da kwanoni da kawunan sanduna masu ado mai ban mamaki, da duwatsun ado sama da 100,000 waɗanda wasunsu daga nesa ƙwarai aka kawo su. Gwaji ya nuna kayan na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10 ne, wato shekaru ɗaruruwa kafin Muhammadu Korau ya hau gadon Katsina. Duk mai cewa mutanen nan ba su da tarihi kafin Bature, kayan Igbo-Ukwu sun ishe shi amsa.

Sai dai mafi yawan Ibo ba a ƙarƙashin sarki suke ba, kuma nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau. Tushen mulkinsu zuriyar kaka ɗaya ce, wadda suke kira umunna. Dattijon zuriya shi ke riƙe da wata 'yar sanda mai suna ofo, alamar gaskiya da amanar kakanni. Shi ke raba gona, shi ke sasanta 'yan'uwa, amma ba shi da ikon ya tashi ya ba wata zuriya umarni. Abin da ya shafi gari duka, yaƙi ne ko rikicin iyaka ko dokar kasuwa, dandali ake kai shi. Kowane magidanci yana da bakin magana. In an gama ji daga kowa, dattawa su keɓe gefe su yi shawara, su dawo su ba wani mai iya magana ya bayyana abin da suka tsayar. In jama'a sun amsa, ya zama doka. In suka yi gunaguni suka watse, magana ta koma baya. Wanda ya yi arziki ta noman doya ko fatauci yana iya ɗaukar muƙamin ozo, ya ciyar da gari, ya biya abin da aka yanka masa, maganarsa ta ƙara nauyi a dandali. Amma muƙamin ba gado ba ne, in ya mutu ɗansa sai ya nemi nasa da guminsa. Samari kuwa an kasa su rukuni-rukuni bisa sa'anni: su ke share hanya, su tsare kasuwa, su karɓo tara daga wanda ya ƙi biya. Dodanni ma suna cikin masu tsawatarwa, don abin da dodo ya faɗa ana ɗaukarsa maganar kakanni ce.

Mata suna da nasu ikon, kuma rashin ganin wannan iko shi ya jefa Turawa cikin wahala daga baya. 'Ya'ya matan zuriya da suka yi aure a wasu garuruwa, umuada, sukan dawo gida in rigima ta gagari maza, kuma ba a ƙetare hukuncinsu da wasa. Matan aure na gari suna da taronsu da asusunsu. Kasuwanni kuma suna ci ne bi da bi cikin makon Ibo mai kwana huɗu, Eke da Orie da Afo da Nkwo, don haka labari yana zagaya garuruwa da yawa a bakin mata cikin 'yan kwanaki. In namiji ya ci zarafin matarsa ko ya bar awakinsa suka ɓata shukar mata, sai su taru a ƙofar gidansa da taɓare, suna waƙar tona masa asiri suna dukan bangon ɗakinsa, ba za su tashi ba sai ya ba da haƙuri.

Ba na son in yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba. Rashin wata hukuma a saman gari ya sa faɗa tsakanin garuruwa ya yawaita. Mutanen Arochukwu sun yi amfani da wannan giɓi: suna da wurin tsafi mai suna Ibini Ukpabi inda ake kai shari'ar da ta gagara, kuma da yawa daga waɗanda aka ce tsafi ya cinye su, a jiragen bayi suka ƙare. Mutum sama da miliyan ɗaya aka fitar ta tashoshin Bonny da Kalaba da maƙwabtansu, akasarinsu Ibo. Akwai osu, mutanen da aka keɓe wa gunki, ba a aure da su, ba a ba su muƙami, har sai da majalisar Jihar Gabas ta yi dokar soke abin a 1956. A wurare da yawa ana yar da tagwaye. Tsari ne na mutane, da kyansa da muninsa, amma tsari ne.

Yanzu mu dawo gida. Wannan yanki da magabata ke kira Katsina Laka, yau kuma ake ce masa Karaduwa, yana da tsofaffin garuruwa masu sarakunansu tun kafin jihadi: Maska da Gozaki da Pauwa da Kogo. Maska ta yi suna a saƙa da rini. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya nuna a bincikensa kan tarihin Katsina cewa sarautar ƙasar ba mutum ɗaya ba ce a sama da talakawa a ƙasa, haɗaka ce ta gidajen sarauta da garuruwa da masu sana'a da malamai, kowa da rabonsa da iyakarsa. Bayan jihadi Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, tsofaffin sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, daga can suna kawo hari har cikin kudancin Katsina, abin da ya sa mutane suka takure a garuruwa masu ganuwa. Manyan hakimai da yawa a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo kuɗin ƙasa da jangali da kuɗin karofi da na rafi da zakka. Akwai bauta, akwai rinji, akwai jakadan da ke cin rabonsa kafin ya kai na ubangidansa. Amma akwai kuma abubuwan da ke taka wa mai mulki burki: alƙali da shari'a, malaman da ke iya faɗa wa sarki gaskiya, masu zaɓen sarki, idon Sakkwato, sannan babban makamin talaka, wato ƙaura. Ƙasa tana da faɗi, mutane su ne dukiya, hakimin da ya matsa wa jama'arsa zai wayi gari ya ga kufai.

A cikin wannan ƙasa ɗaya kuma akwai wasu Hausawa da suka rayu a kan wani tsari dabam, su ne Maguzawan ƙasar Malumfashi da Kafur da Ƙanƙara. Wanda ya taɓa shiga tsohon gidan Maguzawa ya san abin da nake nufi. Gida ne guda a tsakiyar gonakinsa, nesa da gari, sassa-sassa a cikin danga ɗaya, mutanensa kan kai ɗari. Rumbuna a jere, na gandu dabam, na mata dabam, domin Bamagujiya tana da gonarta da hatsinta da kuɗinta, ba a kulle take ba. Mai gida shi ke fitar da mutane aikin gandu, shi ke buɗe rumbu, shi ke biyan haraji da kuɗin auren samari. Rigimar aure ko ta iyakar gona ko zargin maita, masu gidajen da abin ya shafa ke zama su kashe ta, ba kasafai ake kai ta gaban alƙali ba. Sarautar da suka fi girmamawa ita ce Sarkin Noma, kuma asalinta ba a gado take ba: sai mutum ya noma dami dubu, ya yi biki ya ciyar da jama'a, sannan a san da shi. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci ozo na Ibo. Masanin tarihi Murray Last, wanda ya rubuta tarihin daular Sakkwato, ya zauna a irin wannan gida a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya rubuta abubuwa da yawa kan rayuwarsu. Ashe abin da muke yi wa kallon baƙon abu a wurin Ibo yana nan a bayan garinmu, da harshenmu ake yin sa.

Bambancin da ke tsakani shi ne Maguzawa a cikin daula suke. Suna biyan jiziya, suna da wakili da ke tsakaninsu da hakimi, a bar su da al'adarsu. Mafi yawan Ibo kuwa babu kowa a samansu. Da Bature ya zo yana neman mutum ɗaya da zai riƙe a kowace ƙasa, a nan ya samu, a can bai samu ba.

Lugga ya shiga Katsina a 1903 ba tare da yaƙi ba, lokacin Sarki Abubakar. Ba a cika shekara biyu ba aka tuɓe Abubakar aka naɗa Yero. A 1906, bayan tawayen Satiru, wani matashin jami'i mai suna Richmond Palmer ya tuɓe Yero ya ɗora Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, sarauta ta bar gidan Dallazawa da suka riƙe ta kusan shekara ɗari. Dikko ya yi sarauta har 1944, kuma ba mai musun cewa sarki ne mai hangen nesa da ƙwazo. Amma wanda ya ce Turawa sun bar sarauta yadda suka same ta, ya dubi wannan: sarki biyu aka tuɓe cikin shekara uku, aka sauya gidan sarauta ɗungurungum.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan zurfi. An tattara garuruwan da ke warwatse aka yanka ƙasa gunduma-gunduma, aka ce kowane hakimi ya fita birni ya zauna a cikin jama'arsa. Ta haka Malumfashi ta zama mazaunin Galadiman Katsina, sarautar Maska kuma ta komo Funtua da garin ya bunƙasa. An soke jakadu. An haɗe haraji iri-iri ya zama guda, kuma da kuɗin Bature za a biya, ba da wuri ko dami ba. Aka fito da malaman taki suna auna gona da ƙafa suna rubutawa. Sannan Palmer ya kafa baitulmali, kuma a Katsina aka fara gwada shi kafin ya bazu a sauran masarautu wajen 1911: duk harajin da aka tara a raba, gwamnati ta ɗauki rabi, rabi ya shiga asusun En'e, daga ciki a biya sarki da hakimi da alƙali da dogari albashi. Turawa sun yi alfahari da wannan tsari ƙwarai, don ƙasa ce mai faɗi ake mulka da jami'ai ƙalilan, kuma talaka ne ke biyan kuɗin mulkin da ake yi masa.

Akwai alherin da ya zo da zamanin, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Hari ya ƙare, kamun bayi ya ƙare, mutane suka fito daga ganuwa suka sari daji, baƙi daga ƙasar Kano da arewacin Katsina suka cika kudu da ƙauyuka. Amma hakimi ya tashi daga uban ƙasa mai neman jama'a ya koma ma'aikaci, wanda Di'o ke auna ƙwazonsa da ranar da ya cika haraji. Sarki kuma ba ya tsoron masu zaɓe ko Sakkwato, Razdan kaɗai ke iya tuɓe shi. An ƙara wa sarauta ƙarfi a kan na ƙasa da ita, an raunana ta a gaban na sama.

A yankinmu auduga ce ta nuna haka ƙarara. Kamfanin BCGA, wanda masu masaƙun Ingila suka kafa a Manchester a 1902, ya ga cewa laka da ruwan saman kudancin Katsina sun dace da audugar da yake so. Aka shigo da irin Amurka mai suna Allen a 1912, aka kafa gidajen gurza a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa a tsakiyar shekarun 1920. Angurya ta hannun hakimi take fitowa, ta bi ta dagaci ta sauka wurin mai unguwa. Da kaka manomi ya ɗauko audugarsa a kai ko a jaki zuwa fuloti, malamin auduga ya duba ya ce lamba ɗaya ce ko lamba biyu, akawu ya ɗora a sikeli ya faɗi nauyi. Kafin kuɗin su ɗumama a aljihu mai unguwa na tsaye da takardar haraji. Wanda bai cika ba a sayar da akuyarsa, ko a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Masaƙan gida sau da yawa sun fi kamfani saye da daraja, amma doka da sarauta suna bayan kamfani. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, daga 1942 zuwa 1944, ta wannan hanya ɗaya aka bi gida-gida ana ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos.

A ƙasar Ibo kuwa Turawa sun sha wuya tun wajen ci. Babu birni ɗaya da za a kama a ce an gama. Sun kai wa Arochukwu yaƙi daga ƙarshen 1901 zuwa 1902 suka rusa wurin tsafin, suna zaton shi ke nan, amma sai da suka yi shekaru suna bin gari-gari. A yammacin Kwara ƙungiyar Ekumeku ta yi ta yaƙar su har wajen 1910. A 1911 suka tilasta wa Eze Nri, wato sarkin Nri, ya sauka daga ikonsa na tsarkake ƙasa. To, wa za a riƙe? Sai suka riƙa zaɓar mutum a gari su ba shi takardar izini da hula, ya zauna a kotun gargajiya da suka ƙirƙiro. Wani wurin an dace da dattijon kirki. Wani wurin jama'a sun zaci duk wanda aka miƙa wa Bature kashe shi za a yi ko a tafi da shi, sai suka tura bawa ko wanda ba a damu da shi ba, ya dawo da hula yana mulkinsu. Wani wurin mai bakin shiga ne kawai ya tsaya a gaba. Mutumin da a da ba ya iya ba maƙwabcinsa umarni, yanzu yana ɗaure mutane, yana ɗibar su aikin hanya da dako, akawun kotu da masinjoji suna cin kasuwarsu a gefensa. Wasu sun yi ƙarfi ƙwarai, irin su Onyeama na Eke, wanda ya riƙa samar da leburori ga mahaƙar kwal ta Inugu bayan an buɗe ta a 1915. Masanin tarihi Adiele Afigbo ya yi littafi guda a kan waɗannan masu hula a 1972.

Ga inda igiyar ta haɗu. Da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu a 1914, ya ƙudurta cewa tsarin Arewa shi ne daidai: sarki, kotu, baitulmali, kuma baitulmali ba ya tsayuwa sai da haraji. Wanda ya tura ya zagaya Kudu ya duba yadda za a yi shi ne Palmer, mutumin da ya naɗa Dikko. An fara da ƙasar Yarbawa da Binin, can ma sai da aka zub da jini a Iseyin a 1916 da ƙasar Egba a 1918. Gabas aka jinkirta. Daga 1925 Mataimakin Gwamna mai kula da Kudu shi ne Ruxton, wanda shi ma a Arewa ya yi yawancin aikinsa, kuma a zamaninsa aka zartar. Aka ƙirga maza, a wurare da dama ba a gaya musu dalili ba, sai a 1928 aka ce su biya. Sun biya, ransu bai so ba.

A 1929 farashin manja da ƙwarar kwakwar manja ya faɗi. Cikin wannan hali wani jami'i mai suna Kyaftin Cook a yankin Bende ya ce a sake ƙirga, a haɗa da mata da yara da dabbobi. A garin Oloko mai hula Okugo ya aiki wani malamin makaranta, Mark Emeruwa, ya yi aikin. A watan Nuwamba ya shiga wani gida ya tarar da wata mata mai suna Nwanyeruwa tana matsar manja, ya ce ta ƙirga masa awakinta da tumakinta da mutanen gidanta. Ta tambaye shi ko an ƙirga uwarsa. Suka kama kokawa, ta ruga wurin matan gari da ke taro. Ƙirgar baya ta haifi harajin maza, don haka ba wanda zai gaya musu ta bana ba ta mata ba ce. Suka aika ganyen kwakwar manja kasuwa-kasuwa, kowace ta karɓa ta miƙa gaba, mata dubbai suka cika Oloko. Abin da suka saba yi wa miji mai cin zali shi suka yi wa Okugo, suka ce sai an ba su hularsa. Aka tuɓe shi, aka ɗaure shi shekara biyu. Cikin makonni abin ya mamaye lardunan Owerri da Kalaba, matan Ibibio da Ogoni da Andoni suka shiga, aka rusa ko aka ƙona kotuna, aka fasa shagunan kamfanoni a Aba. A Disamba sojoji suka buɗe wuta a Abak da Utu Etim Ekpo da Opobo. Mata sama da 50 suka mutu.

Turawa sun kira abin tarzomar Aba, Ibo kuwa yaƙin mata suke ce masa, kuma nasu sunan ya fi dacewa. Ba a taɓa ɗora wa matan haraji ba. Kwamitin bincike ya zauna a 1930, mata suka ba da shaida da bakinsu. Gwamna Donald Cameron da ya zo a 1931 ya sa aka bi gari-gari ana rubuta yadda mutane ke mulkin kansu tun asali, aikin da ya kamata a yi shekara talatin kafin nan, kuma daga 1933 aka fara maye gurbin masu hula da majalisun dattawa.

Me ya sa ba a ga irin wannan a Funtua ko Malumfashi ba? Masu cewa talakan Arewa bai san 'yancinsa ba sun yi kuskure. Na farko, haraji ba baƙo ba ne a nan, an san shi tun kafin jihadi, abin da ya sauya shi ne nauyinsa da tsananin karɓarsa. Na biyu, wanda ke karɓa ba wani mai hular jiya ba ne, ɗan gidan da aka sani ne, da alƙali da limami a gefensa, ƙin biya kuma sai ya zama saɓa wa shugaba. Na uku, kowa ya ji abin da aka yi wa Satiru a 1906, inda aka kashe mutane wajen 2,000 aka shafe garin. Saboda haka talaka ya bi hanyar da ya gada: a ɓoye saurayi ranar ƙirga, a kore shanu zuwa wata gunduma kafin jangali, a tafi cin rani, in abin ya yi tsanani a tashi da dare. Ruwa ba ya tsami banza: da aka kafa NEPU a Kano a 1950, garuruwan auduga da reluwe irin Funtua suna cikin wuraren da ta yi saurin samun jama'a, kuma a shekarar ce Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e. Sai dai gyaran ya yi nawa. Gabas ta fara samun ƙananan hukumomi na zaɓe tun farkon shekarun 1950, a nan kuwa kotu da 'yan doka da gidan yari suna hannun En'e har bayan juyin mulkin 1966. Haraji da jangali sai a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Funtua da Malumfashi ke cikinta a lokacin, shekara 50 cif bayan Oloko.

Akwai wani rabo da zamanin ya yi mana wanda har yau muna ɗanɗanarsa. 'Yan mishan sun sauka Anacha tun 1857, Katolika suka biyo a 1885. Al'ummar da kowa ke neman muƙami da ƙoƙarinsa ta ga makaranta wata sabuwar hanya ce ta ɗaukaka, garuruwa suka riƙa gasar gina makarantu da kuɗin karo-karo. A masarautun Arewa kuwa Turawa sun taƙaita mishan, su kuma ba su gina makarantu da yawa ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920 ɗalibai kaɗan take ɗauka. Sakamakon haka, mutumin da manomin Bakori ke gani a bayan sikeli ko a tagar tikitin jirgi ɗan Kudu ne, alhali masu yanka farashi suna Ingila, ba ya ganinsu. Wannan ɓacin rai da aka ajiye a inda bai dace ba yana cikin abin da 'yan siyasa suka hura a 1966, aka kashe Ibo a garuruwan Arewa, har da Funtua. Ba abin da zai halatta wannan kisa. Bayan yaƙin basasa sun dawo, kuma da yawa sun tarar da maƙwabta Hausawa sun riƙe musu gidajensu da amana.

Yau ƙasar Ibo cike take da masu sarautar Eze da Igwe, yawancinsu daga shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka amince da su, kuma a manyan garuruwan Arewa Ibo kan naɗa shugabansu da zai shiga fada a madadinsu, kamar yadda Hausawan Anacha da Owerri ke da Sarkin Hausawa. A namu ɓangaren kuma manyan gidajen Maguzawa suna ta raguwa, wasu sun musulunta, wasu sun zama Kirista, gandu ya watse, rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. Tsofaffin da suka ga malamin taki da idonsu sun ƙare, waɗanda suka biya haraji a hannun mai unguwa ma saura kaɗan.

Ibo sun rubuta nasu tarihin, har sunan matar da ke matsar manja a Oloko an sani. Mu kuwa sunayen sarakuna da hakimai muka adana, na manoman da suka biya albashinsu ba mu rubuta ba. Rahotannin da jami'an Turawa suka yi kan gundumomin Maska da Galadima suna nan a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Ina kira ga malaman tarihi da ɗalibansu a jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Zariya, da 'ya'yan wannan yanki masu hali, su ɗauko waɗannan takardu, su zauna da dattawan Maska da Kafur da Daudawa su naɗi bakinsu tun suna raye, a rubuta da Hausa yadda ɗan sakandare a Funtua zai iya karantawa.